Motar Haɗi, Sunan Wa Za Ta Ci?

A cikin sana'o'in da zamani ya kawo akwai wata wadda masu yinta su ke da yawa, a ƙasashen Turawa da namu duka, ita ce fid da mota guda daga cikin motoci biyu ko uku. Mutum yana bukatar a-kori-kura mai ƙarfi, wadda za ta bar kwalta ta shiga daji, ta keta rairayi da taɓo, ta hau tudu da kaya, ga shi kuwa kuɗin sabuwa ya fi ƙarfinsa. Sai ya nemi wata tsohuwa wadda ƙashinta ke da lafiya amma injinta ya mutu. Ya nemi wata kuma wadda ta yi karo, jikinta ya lauye amma cikinta garau. Ya kai su wurin bakanike, a kwance ta biyun ɗai ɗai, a ɗebi abin da a ke so a zuba wa ta farkon. Kowa ya taɓa zaga Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko unguwar kanikawa ta Suwame a Kumasi, ya ga inda a ke samun kayan irin wannan aiki, ga injuna jere a ƙasa kamar tukwane ranar kasuwa.

To, ranar da motar nan ta fito daga gareji tana ƙugi, wace ce ita? Ta farkon ce aka yi wa magani ta warke, ko ta biyun ce ta sake riga, ko kuwa wata ta uku ce aka haifa, wadda ba ta taɓa zama a duniya ba? Mai karatu ya iya cewa wannan tambayar marasa aikin yi ce, irin ta zaman ƙofar gida bayan an ci tuwo. Da a ce motar a gareji za ta dawwama, da na yarda. Amma fita za ta yi, ta ɗauki mutane da buhuna, wata rana kuma a sayar da ita ga wanda bai ga yadda aka yi ta ba. Daga nan zancen ya tashi daga hira, ya zama na dukiya da rai.

Kafin mu yi nisa ya kamata mu san yadda a ke gina irin wannan mota. Yawancin ƙananan motocin shiga na yanzu, jikinsu da ƙashinsu abu guda ne, kamar ƙwarya, in ka fasa gefe ka raunana duka. Motar daji ba haka ta ke ba. Tana da ƙashi dabam, wanda a ke kira shasi, kamanninsa kamar tsani ne aka kwantar: dogayen ƙarafa biyu, da waɗansu gajeru a gicciye suna riƙe da su. Bisa wannan tsani a ke ɗaura kome da noti. A gaba injin, bayansa akwatin giya, bayan wannan kuma wani ƙaramin akwati, giyar taimako, wadda ke raba ƙarfin injin gida biyu, rabi ga ƙafafun gaba, rabi ga na baya. Daga nan sandunan ƙarfe masu juyawa, watau furofela, su ke kai ƙarfin nan ga aksil, shi ne ƙarfen da ke riƙe da ƙafafu biyu, na dama da na hagu. Sa'an nan sifirin, da birki, da sitiyari. A ƙarshe a aza bodi a sama kamar yadda a ke aza jinka bisa ɗaki. Da ya ke kome da noti a ke ɗaure shi, kome yana kwantuwa. Abin da ya sa haɗi ya yiwu ke nan.

Kada wani ya zaci wannan aikin matalauta ne kaɗai, ko kuwa abin kunya ne. Motar daji wadda ta fi kowace suna a ƙasarmu zamanin En'e, wadda ta kai ma'aikata rangadi ƙauyukan da ba su da hanya, watau Land Rover, ita kanta da haɗi ta fara. Ga yadda aka yi. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu Amurkawa suka ƙera wata 'yar motar soja mai ja da ƙafa huɗu, sunanta Jeep, fiye da 600,000. Da yaƙi ya ƙare a 1945 sai aka yi ta gwanjonsu. Wani injiniya na kamfanin Rover a Ingila, Moris Wilks, ya sami guda yana aiki da ita a gonarsa, a tsibirin Angilsi. Ya ga amfaninta ƙwarai, ya ga kuma ba ta da irinta a cikin motocin ƙasarsu. A 1947 shi da abokan aikinsa suka ɗauki shasin Jeep da aksil ɗinta, suka ɗora musu injin ƙaramar motar Rover, suka yi mata bodi da alminiyom, domin ƙarfe ya yi wuya a Ingila bayan yaƙi, sai da izinin gwamnati a ke samunsa. Har sitiyari a tsakiya suka sa mata kamar na tarakta, daga baya suka ga bai yi ba suka mai da shi gefe. Ran 30 ga Afrilu, 1948, aka nuna wa duniya Land Rover a birnin Amsitadam. Tsakanin ƙafarta ta gaba da ta baya inci 80 ne, daidai da na Jeep, kamar yadda ɗa kan ɗauko tsawon ubansa.

Abu biyu na ke so mai karatu ya riƙe daga wannan labari. Waccan ta haɗin, ta gwaji ce, ba su sayar wa kowa da ita ba. Da suka zo yin ta sayarwa, sai suka ƙera nasu shasin da kansu. Kuma ba su kira ta Jeep ba, ba su kuma ba ta sunan ƙaramar motar da ta ba da injin ba. Sabon suna suka raɗa mata.

A ƙasar Filifin ma haka aka yi da Jeep ɗin da sojan Amurka suka bari. Mutanen ƙasar suka ƙara musu tsawo, suka yi musu rufi da benci biyu, suka mai da su motocin haya, su ma da sabon sunansu, jifni.

Ita wannan tambaya ta suna ta girmi mota nesa ba kusa ba. Wani marubuci Bagirke, Fulutak, wanda ya rayu wajen shekara 1,900 da suka wuce, ya ba da labarin mutanen birnin Atina, cewa sun ajiye jirgin ruwan wani jaruminsu na dā mai suna Tisiyus, don tunawa da shi. Duk katakon da ya ruɓe sai su cire su sa sabo. Aka daɗe ana haka, har masanansu suka rabu biyu, waɗansu suka ce jirgin Tisiyus ne har yanzu, waɗansu suka ce a'a, wancan ya tafi tuntuni. A 1655 wani masani Bature, Tomas Hobz, ya ƙara wa zancen gishiri. Ya ce, to, a ƙaddara wani mutum yana tsince tsofaffin katakan nan duk sa'ad da aka yar, yana tarawa, har ran nan ya harhaɗa su suka tashi jirgi. Ga jirgi biyu ke nan, wanne ne na Tisiyus?

Shi Hobz a cikin tunani kawai ya gina jirginsa na biyu. A gareji kuwa ana gina shi da gaske. In an gama haɗa mota guda, ragowar kayan motocin nan biyu ba zubarwa a ke yi ba. Wani ya kan saye su, ya ƙara da na wata, ya ta da tasa motar. Sai ka ga mota biyu suna yawo, kowace tana ɗauke da rabin jikin marigayiya, takardar rajista kuwa guda ɗaya tak. Ofishin da ke ba da lamba ba shi da halin ya ce masana sun rabu biyu. Tilas ya yanke.

Yadda ofishin rajistar motoci na Ingila ya daɗe yana yankewa abin dubawa ne. Sun raba mota kashi shida, suka ba kowane kashi maki. Shasi maki 5. Sifirin na gaba da na baya 2, aksil biyu 2, giya 2, sitiyari 2. Injin maki 1. Jimla 14. Motar da aka sāke wa kaya, in tana so ta riƙe lambarta ta asali, sai ta kawo maki 8 daga kayanta na asali, kuma lalle 5 na shasi su kasance a ciki. Wadda ta kasa, sai a ba ta wata lamba mai farawa da harafin Q, harafin da suka keɓe tun 1983 don motocin da a ke shakkar shekarunsu ko asalinsu. A 2025 suka yi wa tsarin nan gyara suka sassauta shi, amma hikimar da ke cikinsa ba ta tsufa ba. Dubi injin, wanda direbobi ke kira zuciyar mota, wanda mai saye ya kan tsaya ya kasa kunne ya ji ƙararsa, maki ɗaya rak aka ba shi. Bodi kuwa, wanda shi ido ke fara gani, shi a ke wankewa a yi wa fenti a rubuta wa kirari, a motar da ke da shasi dabam ko lissafi bai shiga ba. Abin da ba ya ƙara, ba ya ƙyalli, kullum yana ƙasa cikin ƙura, shi aka ba suna.

Amma kada mu ɗauka kullum abin da ke ƙasa ke cin suna. Mai lambu ya kan yi wa mangwaro aure, ya yanko reshen mai daɗi ya ɗaura bisa kututturen wani mai ƙarfin saiwa. In ya yi 'ya'ya, da sunan reshen a ke kiransa, ba wanda ke tambayar saiwa. Gidan ƙasa kuma, kowace shekara bayan damina a kan yi masa yaɓe, azara ta ruɓe a sake, soro ya faɗi a ta da wani, har ya zamana babu hannu guda na ƙasar da kakan ya kwaɓa, amma gidan wane ne dai a bakin kowa. A mangwaro sama ta ci suna, a mota ƙasa ta ci, a gida kuwa ba sama ba ƙasa, wurin ne da mutanen ciki. Me ya kawo wannan bambanci?

A ganina, ba a cikin katako ko ƙarfe ko ƙasa sunan abu ya ke zaune ba. Mutane ke raɗa suna, kuma don wata bukata su ke raɗawa. Mai sayen mangwaro ɗanɗano ya ke nema, sai aka ba shi sunan da zai gaya masa ɗanɗano. Mai neman gidan wane mutum ya ke nema, sai aka bar wa gidan sunan mutum. Suna gajeren labari ne da a ke ba wanda ba shi da halin ya bincika da kansa. Watau alkawari ne. In an rubuta sunan wani kamfani a goshin mota, an yi wa duk wanda ya karanta alkawari cewa abin da ke cikinta, mutanen da suka auna shi tare ne suka haɗa shi, birkinta an yi shi daidai nauyinta, giyarta daidai injinta. Saboda haka tambayar da ta kamace mu ba wai "wace mota ce wannan" ba ce. Tambayar ita ce, alkawarin da sunan nan ya ɗauka, har yanzu gaskiya ne?

Nan ne aikin ya ke da wuya, domin ƙarfe ba ya ƙarya amma ya iya yin shiru. Bari in ba da misali. A tsakiyar kowane aksil akwai haƙoran ƙarfe masu rage gudun furofela kafin ya isa ƙafa. A tsohuwar Land Rover, sai furofela ta juya sau 4.7 kafin ƙafa ta juya sau ɗaya. A ƙanwarta Range Rover, wadda ta fito a 1970, sau 3.54 ne. Kamfani ɗaya, kuma haƙoran wannan su kan zauna daram a gurbin na waccan. To, a ce bakanike ya sa na wannan a gaba, ya bar na waccan a baya. Muddin ƙafa biyu kaɗai ke ja, ba abin da za a ji. Ran da aka sa giyar taimako, ƙafa huɗu suka kama aiki tare, sai furofela ta juya sau 47, ƙafafun baya su juya sau 10, na gaba kuwa sau 13 da ɗoriya. Kamar an ɗaure doki da jaki a keke ɗaya. Cikin rairayi ƙafafun sa riƙa zamewa, abin ya ɓoyu. Da an taka ƙasa mai tauri, ba wurin zamewa, sai wani ƙarfe ya karye a ciki. Wanda ya haɗa ya san bai duba ba. Wanda ya saya ba shi da hanyar sani sai ranar da ya fi bukatar motar.

Wannan ma da sauƙi, asarar dukiya ce. Ga wanda ya fi shi. Mutane da yawa su kan cire injin fetur su sa na gas, domin ya fi jimiri da ja, ya fi kuma tsimin mai. Ba laifi. Amma a motoci da yawa, abin da ke sa birki ya yi laushi a ƙafar direba wani ganga ne mai aiki da zuƙar iska, kuma injin fetur da kansa ya ke ba da wannan zuƙa. Injin gas ba ya bayarwa, sai an sa masa ɗan famfo na musamman. In an manta da famfon nan, ko aka ƙi saye don tsimi, motar za ta tashi lafiya, ta yi gudu lafiya, ta ma tsaya lafiya in ba kaya. Sai an yi lodi an zo gangare, direba ya taka ya ji kamar dutse ya taka. Har wa yau injin gas ya fi nauyi, yana bukatar sifirin mai ƙarfi a gaba da lagireto wanda zai iya da zafinsa.

Haka kuma manyan tayu, waɗanda masu motar daji ke ƙauna don su ɗaga cikin mota daga kututture da dutse. Taya in ta ƙara girma da kashi ɗaya cikin goma, agogon gudu zai riƙa rage kusan kashi ɗaya cikin goma na gaskiya, birki kuma ƙarfinsa ya ragu, gama yanzu abin da ya ke riƙewa ya fi shi dogon hannu. Mota kuwa duk sa'ad da aka ƙara mata tsayi an ƙara mata saurin kifewa a kwana, kamar mai ɗauke da tulu ya hau dogon takalmi. Shasi in an yanke shi don a ƙara tsawo, gwanaye ba su kan yanka a miƙe ba, a karkace su ke yi, su yi walda, su ƙara faifan ƙarfe a bisa gaɓar. Wanda ba gwani ba ya liƙa kai da kai, ya shafe da baƙin fenti. A ido duk ɗaya ne.

Duk waɗannan ba su nuna haɗi mugun abu ne ba. Wani kamfani a Faransa, Dangel, a 1980 ya fara wannan sana'a, ya karɓi Peugeot 504, irin wadda aka harhaɗa a masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975, ya sa mata giyar taimako, ya ɗaga ta, ya mai da ita mai ja da ƙafa huɗu. Amma ya auna, ya gwada, sa'an nan ya liƙa sunansa kusa da na Peugeot, don kowa ya san hannu biyu ne suka taɓa ta. An ce kayan aro ba ya rufe katara. A wajen mota ban yarda da wannan duka ba, kayan aro ya kan rufe sarai in an gwada shi da jikin mai sawa. Bakaniken da ya ta da mota daga matattu biyu ya yi aikin kirki. Ya hana ƙarfe mai kyau zama abincin tsatsa, ya ba mai ƙaramin ƙarfi abin kai amfanin gonarsa kasuwa, ya ba ƙauyen da ba shi da kwalta abin ɗaukar mai naƙuda zuwa asibiti. Wanda ya ce a hana wannan aiki, bai taɓa zama a ƙarshen hanya da damina ba.

Inda laifi ke shigowa shi ne wajen shiru. Mai sayen doki ya kan buɗe bakinsa ya dubi haƙora, ya san shekarunsa, mai sayarwa ko ya so ko ya ƙi. Motar haɗi kuwa haƙoran aro gare ta. Agogon da ke ƙidaya tafiya yana faɗin tafiyar motar da aka ciro shi daga cikinta ne kawai. Shasi ya iya zama ɗan shekara talatin, injin ɗan goma, giya ba wanda ya san ranar sunanta. Ba ta da shekara guda, shekaru gare ta iri iri. Kuma motar da aka kwance, ai da dalilin da ya sa aka kwance ta. In karo ta yi, ƙarfen sitiyarinta ya iya tsagewa tsagar da ido ba ya gani. In kuwa ba karo ta yi ba, ba ta tsufa ba, aka same ta da araha da dare ba takarda, to, sai a tambayi kai ina mai ita. Kayan sata ba ya zama halal don an ɗaura shi bisa shasin halal.

Na sha jin masu wannan sana'a suna kawo hanzari, kuma hanzarinsu ba na banza ba ne. Su kan ce, ciniki ido ne, ga mota ga mai saye, ya zo da bakanikensa ya duba, ba wanda ya rufe masa ido. Su kan ce kuma, in na tsaya ina lissafa masa kowane noti daga inda ya fito, zai tsorata ya tafi wurin maƙwabcina, wanda motarsa ta fi tawa muni amma bakinsa ya fi nawa nauyi, ka ga gaskiyata ta cuce ni ta cuci mai sayen. Wannan na biyun yana da ƙarfi, ban raina shi ba, kasuwa ta kan hori mai gaskiya wani lokaci. Amma na farkon bai tsaya ba. Duba yana amfani ne ga abin da ke dubuwa. Ba wanda zai kwance aksil biyu a bakin kasuwa ya ƙidaya haƙora. Shari'armu ma ta san da wannan, shi ya sa wanda ya sayi abu ya tarar da tsohon aibin da aka ɓoye masa ya ke da ikon mayarwa. Sai dai doki mai ɗingishi a kan mai da shi a karɓi kuɗi, motar da birkinta ya ƙi a gangare kuwa, sau da yawa ba a samun wanda zai mai da ita.

Akwai kuma waɗanda ba su cikin cinikin sam, ba a kuwa shawarce su ba. Matar da ta biya kuɗin mota ta hau bisa buhuna da goyonta ba ta sayi kome ba, ba ta duba kome ba. Ta ga mota da suna a goshi, ta ga lamba, ta hau. Yaron da ke kora awaki a gefen hanya ko hawa bai yi ba. Ko da mutum don kansa ya haɗa motarsa, ya rantse ba zai sayar ba har abada, waɗannan suna nan a hanya. Saboda haka ban ga yadda zai ce, motata ce, ƙarfena ne, ba ruwan kowa ba. Cikin gonarsa gaskiyarsa ne. Daga ƙofar gona zuwa gaba kuwa, birkinsa na jama'a ne.

To, sunan wa za ta ci? Wajen rajista, a bi abin da dokar ƙasa ta ce, a kai ta a duba, a rubuta sabuwar lambar injin a takarda, kada a goge lambar wani shasi a buga ta wani. Wajen mutane kuwa, ni dai na fi son abin da Wilks ya yi, a kira ta da abin da ta ke. A ce haɗi ce. Kama da wane ba ta wane, kuma ba dole ne wanda ya yi kama da wane ya kasa shi ba, ya iya ma fin sa. Na tabbata akwai motar haɗi wadda ta fi sabuwa dacewa da hanyar da aka yi ta dominta, gama wanda ya haɗa ta ya san hanyar nan rami rami, mutanen kamfani kuwa ba su taɓa ganinta ba. Irin wannan bakanike ba shi da dalilin ɓuya a bayan sunan wani.

Abin da za a yi kuwa ba shi da tsada, kuma duk wanda ya iya karatu da rubutu ya iya shi. A sami ɗan littafi, ran da aka fara aikin a fara rubutu. Shasi na mota kaza ne, ta shekara kaza, lambarsa kaza. Injin daga mota kaza, an ciro shi don ta yi karo ta baya. Aksil na gaba da na baya, haƙoransu kaza da kaza, an ƙidaya. An yanke shasi a wuri kaza, wane ya yi walda. Birki na mota kaza ne. In bakanike bai iya rubutu ba, mai motar ya rubuta, ko yaron gareji da ya yi makaranta. Littafin nan ya zauna cikin motar, in an sayar a miƙa shi tare da mabuɗi.

Wanda zai fi kowa gode wa littafin nan wani bakanike ne da ba a sani ba tukuna, a wani ƙauye mai nisan kwana guda daga birni, wanda za a turo wa motar nan wata rana ƙafarta ta baya tana kuka. In ba littafi, sunan da ke goshi zai karanta, ya aika birni a sayo masa kayan wannan suna, a kwana biyu ana jira, kaya su zo, ya gwada, su ƙi shiga, gama ƙafar ta wata mota ce dabam. In da littafi, sai ya buɗe shafi na biyu, ya kwafe sunan da lambar a 'yar takarda, ya ba yaron mota.